Furen amarya da adon coci: Abin da ya sa roba ta fi ɗanyen fure kasuwa a Kafanchan

A garin Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a ta jihar Kaduna, aikin ɗaurin auren ranar Asabar tun yammacin Juma'a yake farawa. Da zarar mawaƙan coci sun kammala gwajin waƙoƙinsu sun watse, sai wasu mutane dabam su shigo da tsani da buhunan yadi da kwalayen furanni. Galibinsu mata ne da matasa 'yan koyo. Kafin gari ya waye sun yafa wa bangon da ke bayan bagadi yadudduka masu launin ankon biki, sun kafa bakan ƙarfe a bakin ƙofa sun lulluɓe shi da furanni, sun ɗaure bencunan da ke gefen hanyar tsakiya da ƙyallaye. Mutanen gari na ce musu masu dekoreshon. Su ne kuma ke haɗa damin furen da amarya ke riƙewa, wanda aka fi sani da fulawar amarya.

Wanda ya matsa kusa ya taɓa furannin nan zai tarar mafi yawansu na roba ne da yadi, kuma daga masana'antun ƙasar Sin suka fito. Abin da ɗaure kai. Kudancin Kaduna na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Arewacin Nijeriya, damina kan kai wata shida zuwa bakwai, ƙasar kuwa ita ce ke fitar da cittar da ta yi suna har ƙetare. Ga kuma Jos, inda ake noman furanni, tafiyar da ba ta wuce awa biyu zuwa uku ba a mota. To mene ne ya hana ɗanyen fure samun gindin zama a wurin da kusan komai aka shuka yake fitowa?

Baƙuwar al'ada ce

Riƙe fure a ranar aure ba gadon kaka da kakanni ba ne a wannan yanki, haka ma a ƙasar Hausa. A tsohuwar Hausa ma, idan aka ce "fure" kawai ba tare da ƙarin bayani ba, furen taba ake nufi, wanda mata ke goga wa haƙora tare da cin goro domin su yi ja. Masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a Arewacin Ghana, ya wallafa littafi a 1993 kan al'adun furanni a duniya, inda ya lura cewa noman fure domin ado kawai bai yaɗu a Afirka kudu da Sahara ba kamar yadda ya yaɗu a Asiya da Turai. Adon biki a wajen Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Fantswam da maƙwabtansu yana jikin mutane ne: sutura da duwatsun wuya da kiɗa da rawa.

Farar riga da dami a hannu salon Turawa ne, kuma auren Sarauniya Victoria ta Ingila a 1840 ne ya yayata shi a duniya. Ya iso Kudancin Kaduna ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta 'yan mishan, waɗanda ƙungiyarsu ta SIM ta kafa tasha a Kwoi tun 1910. Majami'un da suka fito daga aikinta ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Ta biyu ita ce ta jirgin ƙasa. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927, garin ya zama mahaɗa, ma'aikata daga Kudancin Nijeriya suka zauna da iyalansu da majami'unsu da irin bukukuwansu. A yau garin na da dayosis na ɗariƙar Anglika, da na Katolika wanda aka kafa a 1995, mai babbar majami'ar St. Peter Claver, ban da majami'un ECWA da na Baptis da na sababbin ɗariƙu da suka bazu a unguwanni da ƙauyuka. Kowacce daga cikinsu wurin aiki ce ga mai sana'ar ado.

Biki a lokacin da fure ba ya so

Matsala ta farko ta kalanda ce. Aure a wannan yanki ya fi yawa daga Nuwamba zuwa farkon Janairu, sai kuma makonnin da ke bayan Ista. Dalilan a fili suke: an yi girbi, an sayar da citta da sauran amfanin gona, 'yan uwa da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas sun dawo gida hutun Kirsimeti, wasu ma sai sun ga bikin Afan na ranar 1 ga Janairu a Kagoro kafin su koma. Amma wannan shi ne tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Abin da iskar ke yi wa fatar mutum, ta fi yi wa furen da aka raba da saiwarsa. Bayan Ista kuwa zafin bazara ne, wanda kan haura digiri 30 da rana.

Furen da aka yanke yana nan da rai, yana numfashi, yana kuma zubar da ruwa ta ganyensa. Rayuwarsa ta rataya ne a kan ƙananan jijiyoyin da ke cikin kararsa, waɗanda ke jawo ruwa zuwa sama. Abu biyu ke toshe su: iskar da ke shiga ta bakin yanka idan kara ya daɗe a waje, da ƙwayoyin bakteriya da ke yaɗuwa a ruwan da ganye ya ruɓe a ciki. Idan suka toshe, sai kan furen wardi ya sunkuya ko da yana cikin bokiti cike da ruwa. Shi ya sa wanda ya san aiki, da kaya sun iso, yake sake yanke gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ya tsige duk ganyen da zai nutse, ya zuba ruwa mai tsabta da ɗan sukari da ɗigon sinadarin wanki irin su Hypo, sannan ya ajiye su sa'o'i a ɗaki mai duhu da sanyi su sha su ƙoshi. Sukarin abinci ne, sinadarin kuma na kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai wani maƙiyin da ido ba ya gani, wato iskar etilin, wadda nunannun 'ya'yan itace irin su ayaba da mangwaro da tumatir ke fitarwa, haka ma hayaƙin mota da na janareta. Tana sa fure tsufa da wuri, ya zubar da ganyensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai ɗauko kaya daga Jos, domin motar hayar da za ta bi ta Vom da Ganawuri da Manchok, ko ta Hawan Kibo da Gidan Waya, ita ce dai ke ɗauke da kwandunan tumatir da kayan lambu a but. Furen da aka yanko da asuba yana walƙiya, yana iya isowa Kafanchan da azahar a galabaice.

Maganin duk wannan shi ne sanyi. Furen wardi na son a ajiye shi a tsakanin digiri 2 zuwa 4. A nan ne bambanci yake tsakanin Nijeriya da Kenya, wadda ke kan gaba wajen sayar wa Tarayyar Turai wardi. Gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha suna kan tudu mai sanyi, kamar yadda Jos take a tsayin kusan mita 1,200, amma ba yanayi kaɗai ne sirrinsu ba. Daga gona fure ke shiga ɗakin sanyi, daga nan motar sanyi ta kai shi filin jirgin sama na Nairobi, washegari yana kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan, ba tare da ya ɗumama ko sau ɗaya ba. Manyan shagunan furanni na Legas da Abuja ma daga waje suke sayo da yawa daga cikin kayansu, bayan sun sami izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS. Mai sana'a a Kafanchan kuwa, abin da take da shi firji ne na gida da kula mai ƙanƙara, ga wutar da ba a san lokacin zuwanta ba. Ta karɓi kafin alƙalami, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za ta iya ce wa amarya da safiyar Asabar fure ya mutu ba.

Mai karatu na iya cewa, ai gidaje da harabar makarantu da asibitocin garin cike suke da furanni. Haka ne, sai dai ba kowane fure ke jure yanka ba. Na bugenbiliya, mai hawa katanga da launi kamar wuta, kan yi yaushi jim kaɗan bayan an tsinke shi. Na hibiskus, ɗan uwan zoɓo, kwana guda yake yi. Firanjifani na zubar da farin ƙaro mai ɓata tufafi. A daji ma, gurjiya da minjirya na yin jajayen furanni daidai lokacin hunturu, rawaya na fitowa a ƙasa bayan an ƙona daji, amma ba masu dogon kara ba ne da za a ɗaure. Hatta furen ƙasa na Nijeriya, wanda aka zana a gindin tambarin ƙasa, manne yake da ƙasa a tsakiyar ganye huɗu, ba shi da karan da hannu zai riƙe.

Yadda ake ɗaure dami

Ko ɗanye ne ko na roba, haɗa fulawar amarya aikin hannu ne mai ƙa'ida, kuma a nan ake gane gwani. Kafin a taɓa almakashi sai an zauna da amarya, an ga hoton rigarta, an ji launin anko, an dubi tsawonta da jikinta. Ƙaramar amarya da ƙaton dami, a hoto dami za a gani. Riga mai yawan duwatsu da aiki a gaba tana son dami mai sauƙi, wadda ba ta da ado kuwa tana ɗaukar mai zubowa ƙasa, irin wanda Gimbiya Diana ta riƙe a 1981 ya dawo da yayinsa. Akwai kuma batun nauyi, domin amarya za ta riƙe shi daga gida zuwa coci, zuwa wurin hoto, zuwa wurin liyafa.

Salon da aka fi yi shi ne mai zagaye. Ana riƙe kara na farko tsakanin babban yatsa da manuni, a ɗora na biyu a kansa a karkace, a ɗan juya damin, a ɗora na uku ta fuskar da aka bi da na biyu, haka har karare su murɗe kamar igiya. Amfanin hakan shi ne kawunan furanni su buɗe su sami wuri, karare kuma kada su karya juna. Sai a ɗaure a daidai inda yatsu suke, a yanke gindi daidai wa daida, a naɗe mariƙi da ribon, a kafe da fil ta yadda tsininsa zai shige cikin kara. Damin da aka murɗa da kyau yana iya tsayawa da kansa a kan tebur.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata rana. Ƙayar wardi da aka manta kan ja zaren riga ko safar hannu. Garin da ke tsakiyar furen lili, idan ba a tsige ba, kan bar tabo mai ruwan goro a farar riga, wanda gogewa ke ƙara yaɗa shi. Mariƙin da bai bushe ba kan ɗiga. Na roba ma yana da nasa: wayar da ke cikin kara tana iya fitowa ta soki hannu, rinin mai araha kuma yana zuba idan gumi ya taɓa shi. Da yake ana jefa dami ga 'yan mata a wurin liyafa, wanda na haya ne kuwa dole ya koma ga mai shi, masu dabara kan haɗa ƙarami na biyu domin jifa.

A manyan tukwanen da ake ajiyewa a gefen bagadi, idan ɗanyen fure ne, ana amfani da wani koren soso mai shan ruwa wanda ake soka karare a ciki. Wani Ba'amurke mai suna V. L. Smithers ne ya ƙirƙiro shi a 1954 a jihar Ohayo. Ba a danna shi cikin ruwa, ana ɗora shi ne a bari ya nutse da kansa, in ba haka ba tsakiyarsa ta zauna a bushe, furen da ya faɗa wurin ya mutu da ƙishirwa. Sau ɗaya ake morarsa, kuma dangin roba ne da ba ya ruɓewa, abin da ya sa masu sana'ar a wasu ƙasashe suka fara komawa ga ragar waya.

Coci ba zauren biki ba ne

Mai adon da ba ta san dokar wurin ibada ba, aikinta na iya komawa cikin buhu kafin a fara sujada. A ɗariƙar Katolika ƙa'idar a rubuce take cikin littafin jagoran Mas: a jera furanni kewaye da bagadi maimakon a kansa, kuma a yi su da ƙima. A makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti ana taƙaita ado, a lokacin azumin kwana 40 kuwa an hana yi wa bagadi ado da fure, in ban da Lahadi ta huɗu ta azumin da manyan ranakun idi. Ba a ɗaura aure ranar Juma'ar tunawa da gicciye Almasihu da Asabar da ke bin ta. Launin tufafin bagadi ma na bin kalanda: shunayya a azumi da gabanin Kirsimeti, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Ke nan auren tsakiyar Disamba, lokacin da kasuwa ta fi ci, ya faɗo daidai lokacin da aka ce a taƙaita. Amaryar da ta zaɓi ruwan lemo da shuɗi sai an zauna da ita da fada ko katikis an sami matsaya.

ECWA da Baptis da makamantansu ba su bin wannan kalanda da tsanani haka, amma fasto da dattawan ikilisiya ne ke da ta cewa. Abin da aka fi ja wa kunne a kai shi ne kada a buga ƙusa a bango, kada a rufe gicciye ko mumbari, kuma a kwashe komai kafin sujadar Lahadi. Dokar aure ta ƙasa ma ta sa nata iyaka, domin ta ce a ɗaura aure a wurin ibada mai lasisi, ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, bayan sanarwar kwana 21. Idan Asabar ta yi cunkoso, coci ɗaya kan karɓi aure biyu, wani lokaci a haɗa su a sujada guda. A nan sai dangi biyu masu anko daban-daban su amince da launin da ba zai ɓata wa kowa ba, yawanci fari da ruwan zinariya.

Ba kowane ado ne na kuɗi ba. Tun kafin a san masu dekoreshon, matan Zumunta ne da matasan ikilisiya ke share coci da gyara bagadi ranar Asabar, a matsayin hidimar Ubangiji, kuma har gobe su ke yi a yawancin ƙauyuka. Adon da ya fi kowanne kama da ƙasar ma nasu ne. A Lahadin da ke gaban Ista, ganyen kwakwa da na dabino ake ɗaurewa a ƙofofi da ginshiƙai, Katolika kuma su adana busasshensa su ƙona domin Larabar Toka ta shekara mai zuwa. A ranar godiyar girbi kuwa, rake ake jinginawa a bango, a rataya zangarniyar dawa da masara, a tara doya da kabewa da citta da nonon ayaba a gaban jama'a. Ba a sayo ko ɗaya daga ƙasar Sin ba, kuma da wuya a sami wanda zai ce bai yi kyau ba.

Lissafin aljihu

Duk da haka, babban dalilin rinjayen roba shi ne kuɗi. Ɗanyen fure kashewa ne na yini ɗaya. Na roba jari ne: a saya sau ɗaya daga dilolin Legas ko Onica ko Kaduna, a ba da haya sau da yawa, a wanke da ruwan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar cikin kwali. Abin da ango ke biya kuɗin haya ne da na aiki da na dako. Da wannan ne malamin firamare ko ƙaramin manomi ke iya samun cocin da ya yi kyau a hoto ba tare da ya ci bashin da zai bi shi shekara ba.

Sai dai jarin na tsufa. Rana na cinye launi, ƙurar hunturu na shiga saƙo-saƙo, baƙi da yara na zare fure ɗaya-ɗaya su tafi da shi. Abin da ya fi waɗannan saurin kashe jari shi ne yayi. Amarya na zuwa da hoton da ta gani a Instagram ko TikTok na wani biki a Legas, tana son irinsa. Launin da aka yi rububinsa bara, bana ba mai tambayarsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan sana'a kullum abin da ake nema ke nan: ado na masu kuɗi a farashin talaka.

Shekarar 2023 ta matse sana'ar ta fuskoki uku. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, daga baya ta ci gaba da hawa, kuɗin ɗaukar kaya a Keke Napep ko a-kori-kura zuwa ƙauye ya bi ta. A watan Yuni aka saki darajar naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi, daga yadi zuwa furen roba zuwa balan-balan, ya yi tsada. A daminar wannan shekarar kuma cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta cinye amfanin da iyalai da dama ke dogara da shi wajen aurar da 'ya'ya. Idan kuɗin biki ya gaza, ba a rage sadaki, da wuya a rage shinkafa. Ado ake fara yankewa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya cikin lissafin kowa. A Disambar 2016, ana dab da Kirsimeti, gwamnatin jihar Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf saboda rikici. A Maris na 2020 kuma aka rufe wuraren ibada aka hana taron biki a faɗin jihar saboda annobar korona. A irin wannan hali, mai kwalin roba tana mayar da kayanta ɗaki ta jira a ɗage ranar, wadda ta sayo ɗanye kuwa ta yi asara gaba ɗaya. Garin da ya ga 1987 da 1999 da 2011 ya koya wa 'yan kasuwarsa son kayan da ke iya jira.

Abokan cinikin ba Kirista kaɗai ba ne. Ɗaurin auren Musulmi a masallaci ko ƙofar gida ba ya buƙatar ado, amma kamu da walima da liyafar dare suna buƙata, kuma fulawar roba ta daɗe da zama cikin kayan jeren ɗakin amarya. Bakan ƙarfen da ya tsaya a ƙofar coci wannan makon, shi ne zai tsaya a bayan kujerar amarya a wurin kamu mako mai zuwa, an sauya masa launi kawai. Haka kuma jana'izar Kirista na kawo aiki a kowane wata na shekara, domin ana haɗa zoben furanni da ake ɗorawa a kan akwati da kabari.

Abin da ƙasar za ta iya bayarwa

Kuskure ne a ɗauka cewa ɗanyen fure yana nufin wardi kaɗai. Wardi ɗan ƙasar sanyi ne, Kafanchan kuwa ta fi Jos ɗumi da danshi. Akwai furannin ƙasashe masu zafi, irin su helikoniya mai kama da bakin aku, da jar cittar ado, wadda dangi ɗaya suke da cittar da manoman yankin suka ƙware a kanta. Waɗannan kan yi mako guda ko fiye bayan yanka, kuma ba su son firji ko kaɗan, sanyin da ke raya wardi baƙanta su yake yi. Abin da suke so shi ne inuwa da ruwa, don haka sai a fadamu da bakin rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro za su iya kai wa Disamba. Ko za su tsira daga cututtukan da ke damun citta, wannan aikin masu bincike ne, kuma ba a nesa suke ba: tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan take, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, tana da furannin ado cikin ayyukanta.

Hunturun ma da ke kashe ɗanyen fure yana da amfani ga busasshe. A 'yan shekarun nan ado da busassun ciyayi masu gashi ya zama yayi a bukukuwan Turai da Amurka, har ana sayo na roba da aka kwaikwaya, alhali kyasuwa da gamba na tsaye a bakin kowace hanya a ƙarshen damina. Wasu masu sana'ar sun riga sun kama hanyar tsakiya: ɗanyen ganye daga lambun gida a cika tukunya da shi, a soka furen roba a tsakani, ko kuma a yi wa coci ado da roba, a sayo ɗanyen wardi kaɗan daga Jos domin damin amarya kaɗai, tunda shi ne ake sunsuna, shi ne kuma ke fitowa kusa a hoto.

Daga tsakiyar Janairu kasuwa ke yin sanyi. 'Yan hutu sun koma, kuɗin makaranta ya taso, ba da jimawa ba azumi ya kama. Masu sana'ar kan koma ga ɗinki ko gashin kek ko kwalliyar amare, wanda da ma yawancinsu ke haɗawa da ado, su yi amfani da lokacin su wanke yadudduka, su ƙirga abin da ya ɓata, su yi wa bakan ƙarfe sabon fenti. Bagadin majami'un Katolika kan zauna ba fure har zuwa daren Asabar na jajibirin Ista, a kuma makon da ke biye ne ake soma ɗaura auren da aka jinkirta.